Kafin Kyamara Ta Cinye Gidan Dambe

A duk wasannin da muke yi a Arewa, na gado da na aro, dambe ne kaɗai yake ci da kansa. Babu ma'aikatar da ke biyan ɗan dambe albashi, babu gwamnan da ke sakin kuɗin motarsa, amma da la'asar ta yi sanyi za ka ga mahauci da ɗan tireda da mai tuƙa adaidaita sahu sun zaro kuɗi daga aljihunsu sun biya a ƙofa, sun shiga sun nemi benci. A Kano ana yi a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. A Abuja akwai gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei, in ka tsallaka Nasarawa kuma ga na Marabar Nyanya. Haka abin yake a Sakkwato da Gusau da Katsina, har Legas, duk inda 'yan Arewa suka kafa kasuwa. Ƙwallon ƙafa kuwa, yawancin manyan ƙungiyoyinmu, har da Kano Pillars duk da ɗimbin magoya bayanta, na gwamnatocin jihohi ne, kuma ranar da gwamna ya kau da kai, ranar 'yan wasa ke fara bin bashin albashi.

Ni a wurina dambe ya fi kowane wasa daɗin kallo, amma ba daɗin ne ya kawo shi yau da ransa ba. Ƙaramin fili ne ya raya shi, filin da ake buɗewa kusan kullum, inda yaro zai fara sa zare a gaban 'yan tsirarun mutane tun ba a san sunansa ba. Duk wasan da na san ya durƙushe, a nan gida ko a waje, rufewar irin wannan fili ce ta fara cin sa, tun taurarinsa na sama suna ta haskawa. Yanzu da kuɗi da kyamara suka gano dambe, gara mu dubi yadda ta kaya da waɗanda suka riga mu bin wannan hanya.

Wanda bai taɓa shiga gidan dambe ba yana zaton duka ne kawai. Ya zo da wuri ya ga ɗaurin hannu. Ɗan dambe zai zauna a gefe ya dunƙule hannunsa mai ƙarfi, a fara naɗe shi da ƙyalle, sannan a bi da zare, ana ja ana tamkewa tun daga 'yan yatsu har wuyan hannu, shi kuma yana buga dunƙulen a tafin ɗaya hannun don ya ji ko ya zauna. Wani ya guntsi ruwa ya fesa a kai, zaren ya ƙara kamawa. Wannan hannun shi ne mashi. Ɗayan a buɗe ake barin sa, shi ne garkuwa, da shi ake auna tazara, da shi ake kare fuska. Sai makaɗa su ɗauki takensa da kalangu, ka ga mutumin da ɗazu yake hira yana dariya ya tsuma, jikinsa na ɓari, ya fito tsakiyar fili yana kirari yana nuna wanda yake so.

Turmi uku ake yi, kuma yawancin lokacin dako ne. Kowa ya buɗe ƙafa ya rage tsawo, ya miƙa garkuwa, ya ja mashi baya, ido cikin ido. Ɗan kallon da ya san wasa ƙafa yake duba, don a nan ake fara ganin gajiya da tsoro. Naushi ɗaya ya isa. Da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, fili ya kaure, 'yan ɓangaren wanda ya yi nasara su ɗaga shi sama, masu liƙi su taso. In turmi uku suka ƙare babu wanda ya faɗi, alƙali ya raba su, babu kisa, kowa ya koma wurin mutanensa, Kudu ko Arewa ko Guramada, sai kuma gobe.

Goben nan ita ce jarin dambe. Yaro yana farawa da riƙe wa babba jaka da ɗebo masa ruwa, ya yi damben share fage da sa'anninsa kafin manya su fito, a buge shi ya dawo, ya buge wani a fara kula da shi, har ya ci sunan ubangidansa a riƙa kiransa shagon wane ko autan wane. Ta wannan tsani sana'ar da aka sani da mahauta, wadda a da sai kaka ta yi ake bin ƙauyuka ana yin ta, ta haifi irin su Shago da Ɗan Dunawa, waɗanda waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace ta sa sunayensu a bakin mutanen da ba su taɓa ganin su ba. Ta nan kuma na baya-bayan nan suka hau, irin su Ebola da Dogo Mai Takwasara da Garkuwan Cindo. Ba wata hukuma ce ta zaƙulo su ba. Ɗan kallon da ya biya kuɗin ƙofa shi ya zaɓe su da ihunsa da liƙinsa.

Damben boksin ma ya taɓa samun tsaninsa a Najeriya, kuma abin da ya haifa ba ƙarami ba ne. A 1957 Hogan Bassey, ɗan Kalaba, ya doke Cherif Hamia a Paris ya zama zakaran duniya, tun ba mu sami 'yancin kai ba. A 1962 Dick Tiger ya ƙwace kambun duniya na matsakaicin nauyi daga hannun Ba'amurke Gene Fullmer, a watan Agustan 1963 kuma aka kawo Fullmer har filin Liberty na Ibadan, Tiger ya sake lallasa shi a gaban 'yan ƙasarsa. Shekara 11 ke nan kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa, amma ka tambayi matasanmu wanne suka taɓa ji. Lambar farko da Najeriya ta ci a gasar Olamfik ta boksin ce, tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964. Isaac Ikhouria ya ƙara wata a Munich a 1972, shekarar da Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar tata ta farko, shi ma da naushi. Peter Konyegwachie ya kawo azurfa a 1984, David Izonritei da Richard Igbineghu suka kawo biyu a 1992, Duncan Dokiwari ya rufe da tagulla a Atlanta a 1996. Daga nan shiru kake ji har gasar Paris ta 2024, wadda muka je muka dawo hannu rabbana a dukkan wasanni.

Wani zai ce ai ga Samuel Peter da ya ɗauki kambun WBC na masu nauyi a 2008, ga kuma Anthony Joshua. Peter a Amurka ya yi sana'arsa. Joshua a Watford aka haife shi, a wani ƙaramin kulob na unguwa a Finchley ta arewacin Landan ya koyi naushi, kuma Birtaniya ya ciyo wa zinare a 2012. Jinin namu ne, amma tsanin na wasu ne. Namu tsanin a kan makarantu yake da barikokin soja da na 'yan sanda da kulob-kulob na kamfanoni da hukumomin wasanni na jihohi, wato a kan kuɗin da wani ofis yake warewa. Da ofisoshin suka daina warewa, babu ɗan kallon da ya saba biyan kuɗi da zai riƙe wasan. Ghana ba ta fi mu kuɗi ba, amma tana da Bukom, unguwar masunta a Accra inda wuraren horon boksin suke a lungu-lungu kuma yara suke tashi a cikinsu. Yankin nan ne ya ba ta Azumah Nelson da Ike Quartey, ya sa kuma ta sake cin tagulla ta hannun Samuel Takyi a Tokyo a 2021, mu muna kallo.

Abin da ya fi ba ni tsoro dai shi ne labarin Amurka, don su ba talauci ne ya kashe musu ƙananan filaye ba. Kafin talabijin ta shiga gidaje, manyan garuruwansu cike suke da ƙananan zaurukan boksin da ake buɗewa duk mako, ɗan unguwar nan ya kara da ɗan unguwar can, 'yan uwa da abokan aiki su sayi tikiti. A shekarun 1950 kamfanin reza na Gillette ya ɗauki nauyin nuna damben daren Juma'a kai tsaye, galibi daga Madison Square Garden a New York. Da farko kowa murna yake, an ce boksin ya shiga kowane falo. To amma mutumin da zai kalli manyan zakaru kyauta daga kan kujerarsa, me zai fitar da shi cikin sanyi ya biya kuɗi ya kalli yaran unguwa? Cikin 'yan shekaru yawancin ƙananan zaurukan suka rufe. Talabijin ta ci gaba da neman sababbin fuskoki, alhali wurin da ake ƙera su ya mutu, sai aka koma tura yara ɗanyu gaban kyamara. Manomin da ya daka irinsa ya tuƙa tuwo ke nan: ranar ya ƙoshi, damina ce za ta tona shi. Zuwa 1964 shirin mako-makon da kansa ya tsaya.

Zamanin Ali da na Mike Tyson ya rufe wa mutane ido, aka ga kamar lafiya lau. Yau hukumomi huɗu ne ke raba kambu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata zakaran a kowane aji, har ɗan kallo na yau da kullum bai san wa zai kira gwarzon duniya ba. Karawar da ta fi jan ido a can a watan Nuwamban 2024 ita ce ta Tyson, yana da shekara 58, da Jake Paul, yaron da ya yi suna a YouTube, aka nuna a Netflix. Miliyoyi sun kalla. Ni dai ban kira wannan dambe ba.

Mu ma mun ga irinta da idonmu a ƙwallon ƙafa. Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin lig na farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, kuma dattawa suna ba da labarin yadda gari ke watsewa ranar wasa. Sai tauraron ɗan Adam ya zo, gidajen kallo suka cika kowane layi. Yau yaro a Fagge ko Tudun Wada zai lissafa maka 'yan benci na Arsenal da kuɗin da aka sayi kowannensu, amma bai san mai tsaron ragar ƙungiyar jiharsu ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ajiye masa kusa da gida ya ɗauka. Wasan fives da Sardauna ya ƙware a kai tun yana Kwalejin Katsina ya koma na 'yan tsirarun masu riƙo. Langa sai ranar bikin al'adu. Filayen makarantun da ake guje-guje da tsalle-tsalle a cikinsu, da yawa an yanka su an yi shaguna.

Nijar ta bi wata hanya da kokawa, kuma ta cancanci a yaba mata. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua ake yin ta kusan kowace shekara, jihohi takwas kowacce da 'yan kokawa goma, ana zagayawa da ita daga wannan jiha zuwa waccan, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsawa. Amma kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya yi kaye a ƙauyensu da gundumarsu, don haka kyamarar ba ta maye gurbin ƙaramin fili ba, ita ce ma ta sa yaron ƙauye yake ganin inda filin zai kai shi. Shi ya sa Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama, ya fi 'yan ƙwallon ƙasar suna a ƙasarsu. Ke nan ba dole ba ne talabijin ta yi kisa. Ya danganta da yadda aka ɗaura ta.

To ga ta nan ta iso gidan dambe. Tashar Dambe Warriors ta sa miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su san Hausa ba suna kallon yaranmu a YouTube. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu yana shirya manyan karawa da fitilu da masu sharhi da Turanci, har Turawa sun fara zuwa ana ɗaura musu zare. Sun kawo abubuwan kirki: rabon 'yan wasa bisa nauyi, ƙayyade lokacin turmi, likita a gefen fili, da kuɗin da ɗan dambe bai saba gani ba. Ba na cikin masu cewa a kore su. Tambayata ita ce, idan suka kwashe manyan sunaye ashirin ko talatin suka ɗaure su da kwantiragi, suka hana su sa zare a Sabon Gari da Dei-Dei, wa zai ci gaba da biyan kuɗin ƙofa? In kuɗin ƙofa ya tsaya, makaɗi zai koma wata sana'a, mai gida ya ba da hayar filin a yi gareji, kuma shekara goma nan gaba kamfanin da kansa zai rasa wanda zai ɗauka.

Sai dai kada kishin gidan dambe ya sa mu yi shiru a kan aibinsa, don yana da su, kuma kamfanonin nan ta ƙofar aibin suka shigo. A nan ne nake ganin akwai darasi a wani wasan Amurka da ba ma yi, ba ma kallo, wato besbol. Wasa ne da mutum ɗaya yake jefa ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, wani yana ƙoƙarin make ta da sanda ya zagaya fili da gudu. Fiye da shekara ɗari ana kiransa wasan ƙasa a can, kuma a da abin alfaharinsa shi ne ba shi da agogo, sai an gama zagaye tara komai daren daɗewa. Amma 'yan kallo suka yi ta zarewa. Wasannin ƙarshe na 1978 mutum sama da miliyan 40 ne suke kallon kowanne a talabijin, na 2023 kuwa kusan miliyan 9. Masu wasan suka haƙura suka taɓa abin da ake ganin ba ya taɓuwa. A 2023 suka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 ko 20 tsakanin jifa da jifa. Tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 zuwa awa 2 da minti 40, masu shiga filaye kuma suka haura miliyan 70 a shekarar, abin da rabon da a gani tun 2017. Masu ra'ayin 'yan mazan jiya sun yi ta kururuwa cewa an ɓata gado, amma yau ba ka jin mai neman a cire agogon.

Wannan ya shafe mu, don duk mai zuwa gidan dambe ya san yadda ake cinye yamma da jan rai. A kira wane ya ƙi fitowa, a haɗa shi da wane ya ce bai yi masa ba, a yi ta ciniki a bayan fage har magariba ta kawo jiki, sannan a yi babban damben cikin gaggawa ko a ce sai gobe. Magidancin da ya rufe shago ya zo ba zai jure wannan kullum ba. A rubuta karawar yau a allo tun da rana, a fara a kan lokaci, wanda ya ƙi fitowa a ci shi tara. Wannan bai taɓa kalangu ba, bai taɓa kirari ba.

Amma babban abin da ya ɗauki hankalina a besbol shi ne aikin mai horarwa, wanda su suke kira manaja. Hukuncinsa mafi nauyi guda ne: yaushe zai taka zuwa tsakiyar fili ya karɓe ƙwallo daga hannun mai jifa. Hannun mai jifa yana gajiya, galibi in ya doshi jifa ɗari, kuma wanda aka cire ba ya komawa a wannan wasan. Babu gwanin da yake yarda ya gaji. A 2003 Grady Little na Boston Red Sox ya je wurin gwarzonsa Pedro Martínez a wasan da zai kai su zagayen ƙarshe, suna gaba, ya dube shi ya bar shi ya ci gaba. New York Yankees suka farke suka cinye, Little kuma ya rasa aikinsa. A 2020 Kevin Cash na Tampa Bay ya yi akasin haka, ya cire Blake Snell yana tsakiyar tashe saboda alƙaluman kwamfuta sun ce lokaci ya yi, Los Angeles Dodgers suka juya wasan suka ɗauki kofi. Har yau Amurkawa suna musu a kan mutanen nan biyu. Ni na fi jin haushin Cash, don ya bar takarda ta rufe masa ido a kan abin da yake gani ƙiri-ƙiri. Amma ka lura da abin da ba a musu a kansa: akwai mutum guda da aka ɗora wa alhakin cewa ya isa haka, ɗan wasa bai isa ya ja da shi ba, kuma in ya yi kuskure shi ake kamawa.

Boksin ma yana da wannan mutumin. A Manila a 1975, bayan turmi na 14, idanun Joe Frazier sun kumbura har ba ya ganin naushin Ali. Turmi ɗaya ya rage, Frazier yana roƙon a bar shi, mai horar da shi Eddie Futch ya hana. An ce Frazier ya daɗe bai huce ba, amma ya koma gida da ƙafarsa. Bayan mutuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim a 1982 aka rage turmin karawar kambu daga 15 zuwa 12. A ƙasashen da ake bin doka, wanda aka sumar ba ya sake hawa sai ya huta wata ɗaya ko fiye kuma likita ya duba shi, saboda ƙwaƙwalwar da ta girgiza in aka sake dukanta kafin ta warke, nan ake samun mutuwa ko lalacewar da ba ta gyaruwa. Ko da dokar ma ana rasa rai. A watan Maris na 2025 Gabriel Olanrewaju, tsohon zakaran boksin na Najeriya, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar karawa a zauren Bukom, bai tashi ba.

A gidan dambe wa ke da wannan aiki? Na taɓa gani a wani gida an kwantar da wani matashi, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Aka sheƙa masa ruwa, ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi ɓangaren da ba nasu ba, mutane suna ta dariya. Washegari sai ga shi a gefe ana ɗaura masa zare. Na ce wa wani dattijo da ke kusa da ni, "Baba, wannan ba shi aka buge jiya ba?" Ya ce, "Shi ne, ɗana. To in bai sa zare ba me zai ci?" Dattijon ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ce matsalar. Ubangidan yaron yana da kaso a liƙin da za a yi masa. Mai gida yana son fili ya cika. Makaɗi sana'arsa ke nan ya zuga shi. Duk wanda ke kewaye da shi yana cin riba in ya fito, babu wanda aka ɗora wa alhakin hana shi. Ga wasu kuma da ke shan abin da zai kashe musu jin zafi kafin su shiga, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Ka zagaya tasha da mahauta ka ga tsofaffin 'yan damben da magana take sarƙe musu, hannu yana rawa, sannan ka gaya mini jarumta ce ta sa aka bar su suka kai haka.

Na san amsar da za a ba ni, cewa damben gargajiya ba na ragwaye ba ne, kuma in aka fara kawo likita da littafi an mayar da shi na Turawa. Ai dambe ya sha canzawa ba tare da ya zama na kowa ba. Akwai lokacin da ake sa akayau a ƙafa, akwai lokacin da ake zargin wasu da cusa abin cutarwa a cikin zare, aka hana, kuma babu wanda ya ce wasan ya lalace. Daga fagen kaka ya koma gidan da ake biyan kuɗin shiga, bai mutu ba. Abin da ba zan yarda a taɓa ba shi ne kalangu da kirari da liƙi da ɓangaranci na Kudu da Arewa da Guramada, don su ne suke sa ɗan kallo ya ji wasan nasa ne. Hutun wanda aka sumar bai shiga cikin waɗannan ba.

Kuma gyaran bai fi ƙarfin masu gidajen ba. Littafi guda a kowane gida da za a rubuta wa ya kara da wa, wa aka buge, yaushe. Ma'aikacin lafiya guda da za a biya daga kuɗin ƙofa, wanda in ya ce wane ba zai sa zare ba sai bayan wata ɗaya, maganarsa ta zauna, kuma a sanar da sauran gidaje ta waya don kada yaron ya hau mota ya tafi wani gari ya yi. Wani ɗan kaso daga kuɗin kowace rana a ajiye don ciyar da wanda aka dakatar, tunda yunwa ce take mayar da shi fili. Sarakunan dambe da shugabannin ɓangarori suna da ikon da za su tsayar da wannan a zama ɗaya, ba sai sun jira Abuja ba.

Kamfanonin da ke ɗaukar hoto kuwa, sharaɗi biyu ya kamata a gindaya musu tun yanzu da suke buƙatarmu fiye da yadda muke buƙatarsu. Duk ɗan damben da suka ɗauka, a bar shi ya riƙa fitowa a gidan da ya tashi. Duk kuɗin da suka samu daga nuna wasa, gidan da ya rene shi da makaɗan da suka yi masa take su sami rabonsu a rubuce. Masu gidajen dambe na Kano da Abuja da Sakkwato da Gusau da Katsina, ku zauna ku yi magana da murya ɗaya kafin kowannenku ya sa hannu a takardarsa shi kaɗai. Kai kuma mai karatu, idan akwai gidan dambe a garinku, wannan makon ka ajiye waya ka je ka biya kuɗin ƙofa.